Taubasan da Na Ƙulla a Rumfar Albasa

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma tun ina ƙarami a Aliero na iya ware albasa. In aka zazzage buhu a gabana, hannuna kan riga idona gane wadda za ta kai damina a rudu, wato rumbun karan da muke ajiye ta, da wadda za ta ruɓe ta ruɓar da maƙwabtanta. Manya gefe guda, matsakaita gefe guda, masu kaurin wuya can nesa, don ba su jure ajiya. Da wannan hannun na tashi daga dako na koma dillanci, har na kafa rumfa a Jega, na gina gida mai ɗakunan baƙi daga waje. Masu saye su sauka wurina, in ba su tabarma da tuwo, in haɗa su da manoma, in ci la'adata. Fatoma ke nan.

Mai wannan sana'a dole kunnensa ya sha harsuna. Yarabawa da Ibo daga kudu, Zabarmawa daga yamma, Dakarkari, Nufawa, wani lokaci har Buzaye. Ni ma na ware su yadda na iya. Akwai masu ciniki da ƙarfi kamar ana rabon gado, akwai masu ciniki da shiru, akwai waɗanda sai sun yi fushi sun tafi sannan su dawo su saya. Na ɗauka iyakar ilimin harsuna ke nan, sai da ƙanin matata ya sauka gidana.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. An kwaso ma'aikata daga Sakkwato an juye a Birnin Kebbi, ɗakin haya ya zama kamar ƙwan zabo da rani. Ƙanin matata yana cikinsu. Ya bar iyalinsa a Sakkwato, ya zo na ba shi ɗaya daga ɗakunan baƙi, kullum ya bi mota ya je aiki ya dawo. Harsuna ya karanta a jami'a, kuma karatun bai sake shi ba. Ranar da ba aiki sai ya zo rumfata da 'yar rikoda, ya tsare baƙina ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya faɗa masa magana guda da harshensa: saniya ta ci albasa. Ranar farko da ya faɗi haka da ƙarfi, manoma biyu suka tashi da gudu suka je duba tsibinsu.

Wata rana bayan la'asar, kasuwa ta lafa, na ce masa, "Malam, wai mi kake nema ga bakin mutane? In saniyar ce, a nemo mai ita a yi sulhu a huta."

Ya ce, "Yaya, gini nake dubawa. Kowane harshe da yadda yake jera tubalinsa."

Ya jawo butata ya ce ita ce saniya. Ya ɗauki albasa guda. Ya cire hularsa ya ce ita ce cin. Ya jera su a tabarma: buta, hula, albasa. Ya ce haka Bahaushe yake yi, haka Bayarabe, haka Bafillace. Sai ya ɗauke hular ya kai ta ƙarshe: saniya, albasa, ci. Ya ce wannan jerin Bazabarme ne da Babarbare, da wasu mutane masu yawa a can gabashin duniya da ba su taɓa jin labarin Zabarmawa ba. Sai ya dawo da hular gaba ɗungum, ya ce Larabcin littafi ya fi son haka, a fara da ci kafin a san wa ya ci.

Na ce, "To shi ya sa in Bazabarme yana magana nake jira sai ya dire. Sai a ƙarshe ake sanin saye ya zo ko sayarwa."

Ya ce ban yi nisa da gaskiya ba, amma kada in faɗa a gaban ɗalibai. Ya ci gaba. Fillanci, in ji shi, kowace kalma da wutsiyarta, ta mutum daban, ta saniya daban, ta ruwa daban, kuma in abu ya yi yawa har kan kalmar yakan sauya, shi ya sa guda ɗaya Pullo ne, da yawa Fulɓe. Yarabanci kuwa kalmominsa gajeru ne, ba su lanƙwasa, murya ce ke hawa da sauka ta yi aikin. Ta nan, wai, Bayarabe ya fi kama da mutumin Sin.

"To Bayarabe ɗan uwan mutanen Sin ne?"

"A'a. Nan mutane ke ɓata. Kai in ka ware albasa da girma, ta Aliero da ta Maiyama sai su haɗu a buhu guda, ko ba haka ba? In kuwa ka ware ta da irin da aka shuka, babba da ƙarama sai su zama 'yan gida ɗaya. Harsuna ma haka. Akwai warewa ta gini, akwai ta asali."

Wannan na gane shi nan take, don aikina ne. Ya ce ta asali Hausa da Larabci da Buzanci kaka ɗaya suka haɗa, can nesa. Fillanci kuwa ba ya gidanmu duk da zaman taren da muka yi. Danginsa su ne Yarabanci da Ibo da Dakarci. Na yi dariya har na ƙware. Na ce in yana son ya ci gaba da shan nono a garin nan, kada ya bari Fulani su ji. Amma ban yar da maganar ba. Dillali ba ya yar da kaya don bai ga mai saye yau ba.

Mutum biyu ne suka riƙe rumfata a shekarun nan. Na farko wani dattijon Bafillace ne da ke zaune wajen Jandutsi, kowa Baffa yake ce masa. Yana da shanu, yana kuma noman fadama, kuma saboda takin shanun nan albasarsa ba ta da ta biyu: ja, mai tauri, siririn wuya, ta kwana a rudu har damina ta yi nisa ba ta yi tsiro ba. Dogo ne siriri, maganarsa kamar ana auna ta da cokali. Ta biyu wata 'yar kasuwa ce daga Ibadan, muna ce mata Alhaja. Ita ke cika babbar mota ita kaɗai, kuma albasar Baffa ce ke kawo ta gidana. Ta iya Hausa sarai, sai dai kowa "kai" ne a wurinta, har matata.

Shekara da shekaru suna ciniki ba su taɓa yi wa juna magana ba, don ni ne a tsakani. Ita a wurinsu wanda bai kushe kaya ba bai yi niyyar saye ba. Shi kuwa a wurinsa kushe albasarsa kushe mahaifinsa ne. Sai ta ce mini, "Wannan ruɓaɓɓiyar ko akuya ba ya ci." In taka in je wurin Baffa in ce, "Alhaja ta yaba, tana dai roƙon a sassauta." Shi kuma ya yi shiru ya kalli gefe, in dawo in ce mata, "Ya ce ke ta gida ce, amma ki ƙara." Rabin dillanci tace magana ne, kamar mai tace koko.

A daminar da ta biyo bayan samun jiha, lokacin da ake fasa rudu albasa ta yi daraja, Baffa ya kawo kashin farko a amalanke. Mijin 'yarsa ne ya koro shanun. Ni kuma an kira ni bakin titi, wata mota ta kafe a taɓo da kayan wani baƙona. Kafin in dawo Alhaja ta gaji da jira. Ta kwance buhu da kanta, ta ɗauki albasa ta matsa, ta dubi Baffa daga sama har ƙasa, ta ce, "Wannan albasa ya yi kama da mai shi. Dogon wuya, ba ciki."

'Yan dako suka fashe da dariya. Surukin ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ina isowa na tarar ana mayar da buhuna kan amalanke. Baffa bai ɗaga murya ba, bai rantse ba. Ya ce mini, "Alhaji, a gai da gida." Wanda ya san Fulani ya san wannan ta fi rantsuwa.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. A rumfata aka kunyata shi gaban surukinsa, don haka rumfata ya bari. Na sami Alhaja na ce ta ɓata mini ciniki. Ta ce ita ba ta zagi kowa ba, taya kaya ta yi. Ta kuma faɗa mini gaskiya, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba: inda albasar Baffa ta koma, can za ta koma da motarta. Akwai kuwa inda za ta koma. Wani dillali ne da rumfarsa ke kallon tawa, mun tashi tare, muna gaisawa kullum, kowa na addu'ar Allah ya ba ɗan'uwansa wata sana'ar. Kafin mako ya zagayo na ji ya aika wa shanun Baffa buhun kanwa. In Baffa ya koma can, Alhaja ta bi shi, sauran baƙin kudu su bi ta, ni kuma in koma ba da hayar tabarmi.

Na yi tunanin in sa ta ba shi haƙuri, na ga ba shi ne magani ba. Ban haƙuri tabbatarwa ne cewa zagi ne, kuma surukin ya ji. Kunyar na nan, an dai ƙara mata shaida.

Ina cikin wannan muna cin tuwo da ƙanin matata a zaure, ya dubi cikina ya ce, "Yaya, wanga tumbin naka in aka fasa shi, ai sai albasa ta karye a kasuwa." Na yi dariya na ce aƙalla ni da gumina na tara, ba a gidan mijin yayata ba. Sai na tsaya da loma a hannu. Abin da ya faɗa mini ya fi na Alhaja zafi, ban ji komai ba, don ƙanin mata abokin wasa ne, yana da izni. Maganar Alhaja ba ta da laifi, izni ne ba ta da shi. Bagobiri ya ce wa Bayarabe abin da ya ga dama, Babarbare ya kira Bafillace bawansa a tsakiyar kasuwa, kowa ya yi dariya. In da za a ce ita da Baffa taubasai ne, abin da ya faru ba zagi ba ne tun asali, kuma ba abin da surukin ya gani sai wasa.

Na ce, "Malam, maganar nan taka ta kaka ɗaya, tana nan ko ta ruɓe?"

Da na gaya masa nufina ya ajiye cokalin miya. "Yaya, ni ban ce taubasai ba ne. Harsunan na ce, ba mutanen ba. Kuma nisan ya wuce duk yadda kake tsammani."

"Na ji. Ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce."

"To kai ka faɗi gaskiyarka yadda take, kada ka ƙara kada ka rage. Dillancinta nawa ne."

Muka hau babur da hantsi muka nufi Jandutsi, shi a baya yana ta faɗa mini abin da bai ce ba. Baffa ya karɓe mu a gindin tsamiya, aka kawo fura. Ya gaishe ni gaisuwar da ake yi wa mai karɓar haraji. Ban ta da zancen albasa ba. Na ce ga malami daga jami'a, ya zo neman Fillanci na asali, na ce masa duk ƙasar nan ba bakin da ya kai na Baffa. Wannan ma ba ƙarya ba ce. Malam ya kunna rikodarsa ya tambayi sunan saniya, da na shanu, da na jar saniya, da na mai fari a goshi. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba, sai ga shi har azahar yana gyara wa malami baki, yana sa shi maimaitawa kamar ɗan allo.

Da aka yi salla na ce, "Malam, gaya wa Baffa dangin harshensa."

Ya faɗa, yana kallon ƙwaryar fura.

"Da Yarabawa," in ji Baffa. "Wanda ya rubuta haka ya taɓa jin suna magana?"

Malam ya ce masana sun daɗe suna gwada kalmomi da yawa kafin su faɗa. Na sa baki na ce ya ba da misali. Ya ce kalma ɗaya ko biyu ba hujja ba ce. Na taka masa ƙafa. Ya ce to, Bafillace in zai ce "ni" da harshensa, "mi" yake cewa, Bayarabe ma yana da "mi". Kuma dukansu "o" suke cewa ga namiji da mace, ba su raba "shi" da "ita" kamar Bahaushe.

"Shi ya sa take ce wa matata kai," na ce. "Ku ma da kuka fara Hausa haka kuke yi. Baffa, ni abin da na gani, matar nan jini ne ya motsa mata. Shekara nawa tana ciniki a Jega, ka taɓa jin ta yi wa wani manomi irin wasan nan? Taubashinta ta gani."

Ta yi wa manoma da yawa abin da ya fi haka, ni ne dai nake tacewa. Baffa ya kalle ni, na kalle shi. Ba yaro ba ne. Ya san dillali ne ke magana, ya kuma san ba wanda ke ɗauke masa kaya gaba ɗaya ya biya a take sai ita. Ya ce, "Zan shigo ranar kasuwa. Gishiri ya ƙare." Na ce Allah ya kawo shi, ya kuma zo da surukinsa ya taya shi ɗauka.

Alhaja ba ta ba ni wahala ba. Ta yi dariya har ɗaurin kanta ya karkace. "Ni da wannan sanda? Kalle ni, kalle shi." Sannan ta share ido ta ce in dai zai kawo albasa, ko ɗan uwarta aka ce shi ne ta yarda.

Abin da ban lissafa ba shi ne shayi. Da safen kasuwa maƙwabcina dillali ya tare malam a teburin mai shayi, ya saya masa da burodi da ƙwai, ya ce shi ma yana sha'awar ilimi. Malami kuwa in ka ce kana sha'awar iliminsa, ka gama da shi. Ya zazzage masa komai, har da buta da hula.

Baffa ya iso da amalanke. Mai sayen gishiri ne, amma akwai buhuna a bayansa an rufe da tabarma. Ya tsaya daidai tsakiyar hanya, tsakanin rumfata da ta maƙwabcina, bai sa an kwance shanu ba. Alhaja na zaune a kan bencina. Mutane suka fara taruwa, don labari ya riga ya zaga. Sai maƙwabcina ya fito yana gyara babbar riga.

"Baffa, barka da hanya. Ni ba ni shiga abin da ba ruwana, amma ba ni son a sa dattijo a buhu a ɗinke. Malamin ga da bakinsa ya ce mini, duk harsunan da ke shigowa kasuwar ga, ba biyun da sunka saɓa kamar naku da nasu. Naku mai wutsiya, nasu gundul. Nasu waƙa, naku magana. Ya ce su da mutanen Sin sunka yi kama. To in taubashi take nema, ta tai can."

Aka yi dariya. Baffa ya juya ga malam. "Haka ne?"

Malam bai kalle ni ba. Ya ce, "Haka ne, Baffa. A gini ba su yi kama ba. Asalin ne ɗaya. Duka biyun na faɗa, duka biyun gaskiya ne."

Har yau ina girmama shi a kan wannan, ko da yake a lokacin da na sami tabarya da na ba shi. Maƙwabcina ya buɗe hannuwa yana kallon jama'a. Surukin Baffa ya kama igiyar shanu yana jiran a ce masa dama ko hagu.

Na ce, "Baffa, ina da tambaya, kai ne babba. 'Ya'yan wa da ƙani, mi suke?"

"'Yan uwa."

"Suna wasa da juna?"

"Ba su yi."

"Ɗan mace da ɗan namiji fa?"

"Taubasai."

"To mi ya raba, alhali kaka ɗaya ne?"

Ya ce, "Ita macen an kai ta wani gida. 'Ya'yanta na wasu ne. Kamar wasu suke ɗaukowa, da maganar wasu."

"Shi ke nan. Da malam ya ce harsunanku sun yi kama, da ni da kaina na ce maka 'yar uwarka ce ta zage ka, kada ka yafe. Amma asali ɗaya, kama babu. Wannan a garinku mi ake kiransa? Maƙwabcina ya kawo shaidar da ni na manta, Allah ya saka masa."

Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce wallahi haka ne. Maƙwabcina ya buɗe baki, ya ga ba mai kallonsa. Kowa Baffa yake kallo. Shi kuwa ya shafa gemu ya ce, a hankali, "To ashe wata gwaggonmu ce anka kai kudu."

Alhaja ta ce, "Wa ya ce? Wataƙila namu ne aka kawo daji." Aka juya ga malam ya raba gardama. Ya ce ilimi bai san wannan ba, ba harshen da ya haifi wani a cikinsu, kuma shi dai a rubuta cewa bai ce taubasai ba. Ba wanda ya rubuta.

Alhaja ta jawo hannun rigata ta tambaya mene ne bambancin. Na ce a al'adarmu ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace bawansa. Ta ɗaure fuska. Na ce amma in watan cika-ciki ya kama, ubangida ne ke ba bawa kyautar shara, kowace shekara, har mutuwa.

"Shi zai ba ni?"

"Shi zai ba ki."

"Kuma in faɗa masa abin da na ga dama?"

"Iyakar wasan ke nan."

Ta gyara zama. "Ni ne ɗan mace."

Saura abu ɗaya, kuma ba ni da iko a kansa. Wasa ba ya ƙulluwa sai an rama. In Baffa bai mayar mata ba, duk abin da na gina iska ne. Ya dube ta. Ɗaurin kanta na ranar wani ruwan goro ne mai ƙyalli, ya yi sama ya baje kamar lema. Sai ya ce, da muryar nan tasa ta auna gishiri, "Baiwata, in ruwa ya taso ki ara mini wanga na kanki. Rudu biyu gare ni ba rufi."

Surukin ne ya fara. Ya sa hannu ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa, ya juya baya don kada ya yi dariya gaban surukinsa, abin ya ƙi. Daga nan kasuwa ta ɗauka. Alhaja ta buga cinya ta ce za ta ara masa in ya yi alkawarin cin abinci. Baffa ya ɗaga wa surukin yatsa, aka juyo da shanu wajen rumfata.

Ana sauke buhuna sai Alhaja ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To yanzu tunda ni da shi dangi ne, me za mu yi da dillali?"

Wannan ban shirya mata ba. Maƙwabcina da ya fara komawa rumfarsa ya tsaya ya waiwayo. Baffa ya zauna a kan tabarmata, wurin da ya saba zama, ya miƙe ƙafafu.

"Ina kika taɓa ganin ubangida na ciniki da baiwarsa? Ki gaya wa Alhaji, shi ya gaya mini."

Watan cika-ciki bai yi nisa ba a shekarar. Ya aiko mata da ƙwaryar man shanu, an rufe da faifai sabo. Ta buɗe ta shinshina ta ce na bara ne. Na aika masa cewa ta yaba. Bayan haka wani baƙona Ibo da wasu Dakarkari biyu suka je wurin malam ya tabbatar musu su ma gidan ɗaya ne, suka tare Baffa suna neman tasu sharar. Ya ce gwaggonsa ɗaya ce, kuma an san inda aka kai ta.

Ni ma ban tsira ba. Da Baffa ya ji cewa Hausa dangin Larabci ce, duk ranar da liman ya ja aya a wa'azi na tambayi na kusa da ni fassara, sai Baffa ya girgiza kai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na ce masa ni ba taubashinsa ba ne, ba shi da izni. Ya ce a tambayi malam.

Malam ya sami gida a Birnin Kebbi daga baya, ya kwaso iyalinsa. In ya zo ziyara yakan biya rumfa, 'yan dako su yi masa kirari da malamin da ya gano Yarabawa taubasan Fulani ne. Yakan tsaya ya yi musu bayani tun daga farko, ya nemi buta da hula. Suna saurara da ladabi, in ya gama su ce ai abin da suka faɗa ke nan.